Gano jigogin rumbun bayanai na proje: aikin da ake yi kafin a kunna kwamfuta

A mafi yawan ofisoshin ƙungiyoyin raya karkara, a nan Tawa ko a Yamai, bayanan proje cikin Excel suke zaune. Kowane animatar, wato ma'aikacin da ke bin aikin a ƙauyuka, da nasa fayil, kwantabul da nasa, mai bin diddigin aiki da nasa. Ranar da mai ba da kuɗi ya aiko da tambaya, a ce gidaje nawa suka yi aikin haƙa rabin wata, wato ramukan tare ruwan sama masu siffar rabin wata, a Keita bara, kuma nawa aka biya su, sai a kwashe mako guda ana haɗa lissafi, a ƙarshe a fito da adadi biyu da ba su yi daidai ba. Daga nan a yanke shawarar gina rumbun bayanai. A kira matashin da ya karanta ilimin kwamfuta, ya buɗe Access ko MySQL, ya kwashe kolon-kolon na Excel yadda suke ya mayar da su tebur. Bayan wata shida matsalar tana nan daram, gida kawai ta sake.

Abin da aka tsallake shi ne gano jigogi. Jigo, wanda malaman Merise, wata hanyar tsara rumbun bayanai, ke kira antite, shi ne duk wani abu da proje ke buƙatar ajiye bayani a kansa, wanda ake iya ƙirgawa, kuma ake iya bambance ɗaya da ɗan'uwansa: gari, ma'aikaci, kwangila, biyan kuɗi. Siffa kuwa bayani ce a kan jigo, kamar sunan gari ko ranar sa hannu a kwangila. Alaƙa ita ce abin da ya haɗa jigo da jigo. Tunanin ba sabo ba ne. Edgar Codd na kamfanin IBM ya kawo tsarin ajiye bayanai cikin tebura masu alaƙa a 1970, Peter Chen ya fito da zanen jigogi da alaƙoƙi a 1976, a Faransa kuma aka haɗa Merise a ƙarshen shekarun 1970, ita ce hanyar da mafi yawan ɗalibanmu suka koya, da zanenta na jigogi da alaƙoƙi da ake kira MCD. Duk wanda ya yi ajin ya san zana akwati da layi. Wahalar ita ce sanin abin da ya cancanci akwati, kuma wannan ba a gaban kwamfuta ake samun sa ba, cikin takardun aiki da bakin masu aikin yake.

Domin kada maganar ta tsaya a sama, mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe: wata ƙungiya a Tawa mai gyaran fako da rabin wata da tassa, tana kuma gina rijiyoyi, a garuruwan Keita, Buza da Illela, da kuɗin masu tallafi uku. Irin wannan aiki sananne ne a Adar tun zamanin Projen Keita da ya fara a 1984.

Mataki na 1: tara takardu, tara tambayoyi

Ka nemi duk takardar da ke yawo cikin proje: yarjejeniyar tallafi, jadawalin manufofi da ma'aunai, tsarin aiki da kasafin shekara wato PTBA, takardun puwantaj, wato rajistar waɗanda suka zo aiki kowace rana, na aikin gina-ka-ci, takardun biyan ma'aikata masu ɗauke da dangwale, izinin tafiya, faktir ɗin ƴan kwangila, takardar karɓar aiki, karnen mota. Kada ka yarda a ba ka waɗanda ba a cika ba. Cikakku kake so, waɗanda suka sha rana da ƙura, domin abin da animatar ya rubuta da biro a gefen takarda ya fi abin da aka buga a cikinta gaya maka gaskiyar aiki. In ka ga an rubuta "matarsa ce ta zo madadinsa" ko "an raba kuɗin da ƙanensa", to ka samu bayanin da takardar ba ta yi wa wuri ba, kuma rumbunka dole ya yi masa.

Sannan ka zauna da mutane, ɗaya bayan ɗaya, ba a taro ba. A taro shugaban proje ne ke magana, sauran suna gyaɗa kai. Kwantabul, animatar, mai kula da mangaza, har direba, kowa yana riƙe da wani yanki da sauran ba su gani. Kada ka tambaye su "wane bayani kuke so a ajiye?", amsar kullum ita ce "duka". Ka ce: "Malam, wace tambaya ce ake yi maka wadda ke cinye maka yini kafin ka amsa?" Ka rubuta tambayoyin yadda suka fito daga bakinsu, 20 ko 30. Eka nawa aka gyara a komin kaza? Wane ɗan kwangila ne bai gama rijiyarsa ba alhali an biya shi kashi na biyu? Akwai gidan da ke karɓar kuɗi a proje biyu lokaci guda? Ka adana wannan jerin da kyau, da shi za ka auna zanenka a ƙarshe.

Mataki na 2: rubuta aikin da jimloli, ka ja layi ƙarƙashin sunaye

Ka rubuta yadda aikin ke gudana da jimloli gajeru, kamar kana yi wa baƙo bayani:

"Mai ba da kuɗi yana tallafa wa proje. Proje yana da sassa, kowane sashe da ayyukansa. Ana gudanar da aiki a fili, filin yana kusa da gari, garin yana cikin komin. Ana zaɓen gidaje a gari. Kowane gida yana turo mutum ya yi aiki. Animatar yana yin puwantaj kowace rana. Bayan mako biyu ana biyan kuɗi. Rijiya kuwa ɗan kwangila ke gina ta bisa kwangila, ana biyansa kashi-kashi."

Ja layi ƙarƙashin kowane suna: mai ba da kuɗi, proje, sashe, aiki, fili, gari, komin, gida, mutum, animatar, puwantaj, biya, rijiya, ɗan kwangila, kwangila, kashi. Waɗannan ƴan takara ne kawai, ba a tabbatar da kowa ba tukuna.

Tarko biyu ne a nan. Na farko mai sauƙi: abu ɗaya da sunaye da yawa. Animatar ya ce fili, injiniya ya ce sit, kwantabul ya ce shantiye, duka wuri ɗaya suke nufi. Ka zaɓi suna ɗaya, ka rubuta sauran a gefensa, ka wuce.

Na biyu shi ne mai kashe rumbu: suna ɗaya da ke ɗauke da abubuwa biyu. Dubi kalmar "aiki". A bakin shugaban proje, aiki layi ne cikin PTBA: gyaran eka 500 na fako, da kasafinsa da ma'auninsa. A bakin animatar, aiki shi ne abin da ake yi a filin wani gari daga watan Fabrairu zuwa Afrilu, da mutane 120. Waɗannan jigogi biyu ne. Na farko shiri ne, na biyu aiwatarwa ce, kuma shiri ɗaya yana iya haifar da aiwatarwa 15 a garuruwa 15. In ka cusa su cikin tebur guda, ko dai ka maimaita kasafin sau 15 jimilla ta kumbura, ko ka rasa inda za ka rubuta ranar fara aiki a kowane gari. Ni dai ban san kuskuren da ya fi wannan yawa a rumbunan proje ba.

Haka "mai amfana". Ga aikin gina-ka-ci, gida ake zaɓa amma mutum ke haƙa. Ga rijiya, gari ne gaba ɗaya ke amfana. Ga horo, mutum ne. Kada ka bar wannan kalma ta shiga zanenka sai ka tsare kowa da tambayar: gida, ko mutum, ko gari? Rahotannin da ke cewa proje ya taɓa mutum dubu kaza, yawancin gardamar da ake yi a kansu daga nan take tasowa.

Mataki na 3: tace ƴan takara, jigo ne ko siffa

Kowane suna da ka ja wa layi, ka yi masa tambayoyi huɗu. Akwai shi fiye da ɗaya? Ana iya bambance wannan da wancan? Yana da bayanan kansa, ban da suna? Akwai wata tambaya cikin jerinka da ke buƙatarsa? Wanda ya ci huɗun jigo ne.

Ƙungiyar ita kanta ta faɗi jarrabawar tun a tambayar farko, domin ita kaɗai ce, rumbun ma nata ne. Rahoton wata uku ba jigo ba ne, abin da rumbu ke haifarwa ne, sai fa in kuna son bin ranar da aka aika kowane rahoto da ranar da aka amince da shi, to a nan ya samu bayanan kansa ya shigo. "Jimillar kuɗin da aka kashe" ba jigo ba ce, ba ma siffa ba ce: duk abin da ake iya lissafowa daga wasu bayanai a bar wa kwamfuta ta lissafo, in aka ajiye shi da hannu wata rana zai saɓa wa tushensa.

Mai ba da kuɗi, wanda a Excel kolon ne kawai, ya ci jarrabawar: yana da suna, ƙasa, irin kuɗin da yake biya da shi, da lokutan da yake son rahoto.

Gari shi ne inda nake so ka daɗe. Mutane da yawa suna barinsa siffa, a rubuta sunansa da hannu a gaban kowane gida. Sakamakon kowa ya san shi. Wani ya rubuta Tounga da rubutun Faransanci, wani Tunga, wani Toungua. Wani Guidan, wani Gidan, wani G. kawai. Kwamfuta ta ɗauke su garuruwa dabam-dabam. Ga kuma akasin haka: Sabon Gari nawa ne a jihar Tawa? Tunga nawa? Biyu masu suna ɗaya a komin dabam sai su haɗe su zama ɗaya. Gari jigo ne cikakke, da lambarsa, da sunansa na hukuma, da sauran sunayen da ake kiransa, da ma'aunin GPS. Kuma ba sai ka ƙirƙiro jerin daga kanka ba: hukumar ƙididdiga ta ƙasa, INS, tana da kundin garuruwa mai suna RENALOC wanda ya fito daga ƙidayar 2012. Ka fara da shi, ka ƙara tungaye da zangunan da ba su ciki.

Komin, gunduma da jiha su ma kowanne jigo ne, a jere, gari cikin komin, komin cikin gunduma, gunduma cikin jiha. Dalili ba ado ba ne. A 2011 gundumomin Nijar sun tashi daga 36 zuwa 63. A jiharmu Malbaza ta fita daga Ƙonni, Bagarwa daga Illela, Tasara da Tiliya daga Cintabaraden. Wanda ya rubuta sunan gunduma a gaban kowane gida, dubban layuka ya gyara. Wanda ya ware gunduma jigo, ƴan layuka ya taɓa a teburin komin, sauran duka suka bi.

Siffofin da suka rage su ma suna son kulawa. Ka ajiye shekarar haihuwa, ba shekarun mutum ba, domin shekaru suna ƙaruwa rumbu bai sani ba. Kuma tunda takardun dattawa da yawa "an haife shi wajen shekara kaza" suke cewa, kada ka tilasta rana da wata. Kowane adadi ya zo da ma'auninsa. A fili da dala ake lissafi, a ofis da faran: animatar ya ji "ɗari biyu" ya rubuta 200, alhali jika guda ake nufi, 1000. Ka yanke tun yanzu cewa kuɗi da faran ake shigar da shi, hatsi da kilo ba da tiya ba, fili da eka. Lambar waya kuwa, in ɗaya ta ishe ku, siffa ce. In biyan kuɗi ta waya kuke yi, kuma mutum yana da layin Airtel da na Moov ko Zamani, ko lambar ta ɗansa ce, to ta zama jigo mai bayanan kanta: kamfani, mai layin, da ranar da aka tabbatar da ita. Alamar da za ta farkar da kai ita ce ganin kolon irin "waya 1, waya 2, waya 3" ko "wata 1, wata 2, wata 3". Duk inda kolon ya fara maimaita kansa da lamba, akwai jigo kwance a ƙarƙashi.

Mataki na 4: jigogin da ba su da suna a bakin kowa

Har yanzu abubuwan da ake gani da ido muka kama. Waɗanda suka fi muhimmanci a tafiyar da proje ba a ganinsu, domin faruwa suke yi tsakanin abu biyu. Hanyar kama su ita ce ka ɗauki jigogi biyu-biyu ka yi tambaya ta kowane ɓangare.

Ma'aikaci ɗaya yana iya aiki a proje nawa? Da yawa. Proje ɗaya yana da ma'aikata nawa? Da yawa. Duk inda amsa ta zama "da yawa" ta ɓangarorin biyu, abin da Merise ke rubutawa 0,n ko 1,n a kowane gefe, ka tsaya ka tambaya: akwai bayanin da ba na wannan ba ne, ba na wancan ba, na haɗuwarsu ne? Kwantabul ɗinmu yana ba proje na farko kashi 60 cikin ɗari na lokacinsa, na biyu kashi 40. Wannan 60 ɗin siffar wa ce? Ba ta kwantabul ba ce, tunda yana da wani adadin a wani wuri. Ba ta proje ba ce, tunda direba nasa kason dabam ne. Ta ɗorawa ce, wato ɗora ma'aikaci kaza a kan proje kaza, daga rana kaza zuwa rana kaza, da matsayi kaza. Ga jigo ya fito wanda babu wanda ya ambace shi a hira.

Ka bi sauran haka. Tsakanin mai ba da kuɗi da proje akwai tallafi: adadi, irin kuɗi, ranar sa hannu, ranar ƙarewa. Tallafin kuma ba ya zuwa gaba ɗaya, kashi-kashi yake sauka, kowane kashi da ranarsa, don haka saukar kuɗi ma jigo ce. Tsakanin ɗan kwangila da rijiya akwai kwangila, kuma kwangila ɗaya tana iya ɗaukar rijiyoyi 6. Tsakanin mutum da horo akwai halarta. Tsakanin mangaza da fili akwai fitar kaya: diga nawa, shebur nawa, wa ya karɓa, yaushe, nawa suka dawo.

Mafi nauyinsu duka shi ne puwantaj. Layi ɗaya na puwantaj yana cewa: mutum kaza, a madadin gida kaza, a aiwatarwa kaza, ranar kaza, ya haƙa rabin wata kaza. Daga wannan ƙaramin jigo ne kusan komai ke fitowa: kwanakin aiki, kuɗin da ya kamata a biya kowane gida, yawan matan da suka yi aiki, har da kiyasin ekar da aka gyara, tunda ƙa'idar da aka saba bi ita ce rabin wata 313 a eka guda, wato hekta. Za a ce maka layukan za su yi yawa, mutum 120 sau kwana 60 sau garuruwa 15 ya haura layi dubu 100. Kada wannan ya tsorata ka, PostgreSQL ko MySQL ba su san sun ɗauki kaya ba da wannan adadi. Abin dubawa shi ne ko akwai wanda zai iya shigar da su. In babu, ka sauko zuwa layi ɗaya ga kowane mutum a kowane zangon biya, amma ka sani ka sayar da amsar duk tambayar da ta shafi rana. Ka yanke wannan shawara da idonka buɗe, tare da shugaban proje.

Kuma ka raba abin da ya kamata a biya da abin da aka biya. Na farko lissafi ne daga puwantaj, na biyu faruwa ce mai rana, da mai biya, da mai karɓa, da dangwale. Tazarar da ke tsakaninsu haƙƙin wani talaka ne da ya yini cikin rana yana fasa fako, kuma ita mai binciken kuɗi zai fara nema. Rumbun da ya haɗe su ba zai taɓa nuna wanda aka manta ba a biya shi ba.

Mataki na 5: mutum ɗaya, matsayi da yawa

Za ka ji sha'awar buɗe tebur ga animatar, wani ga mai horarwa, wani ga ɗan kwamiti, wani ga mai amfana. Ka dakata. Matar da ke haƙa rabin wata ita ce ma'ajin kwamitin rijiya, ita ce kuma ta halarci horon dashen itatuwa. In ta shiga tebur uku, sau uku za a ƙirga ta, kuma ranar da aka gyara sunanta a ɗaya sauran biyun su saura da kuskure. Mutum shi ne jigo. Zama ɗan kwamiti ko halartar horo alaƙa ce mai ranar farawa da ta ƙarewa. Ma'aikatan ƙungiya kaɗai nake yarda a ware, saboda bayanan albashi da kwantiraginsu ba kowa ya kamata ya gani ba.

Mataki na 6: lambar shaida

Kowane jigo yana buƙatar abin da zai bambance layi da layi har abada. Suna ba zai yi ba: a gari guda za ka samu Mahamadu Abdu huɗu, biyu daga cikinsu sunan kakansu ma ɗaya. Lambar waya tana sauyawa, ana kuma aron ta. Katin ɗan ƙasa ba kowa ke da shi ba a ƙauye, musamman mata. Don haka rumbu ya ba kowa lamba tasa, a buga ta a katin da za a ba gidan, sauran bayanai kamar sunan uba, sunan uwa, laƙabi da gari su zama abin tantancewa. Laƙabi yana da amfani ƙwarai, domin da shi gari ya san mutum.

Kada ka cusa ma'ana cikin lambar. Lamba irin KTA-03-0045, wato Keita, gari na 3, gida na 45, tana da daɗin karantawa, amma ranar da gidan ya ƙaura sai ta zama ƙarya, ko kuma a sauya ta a tsinke duk tarihin da ke rataye da ita. Ga ƴan kwangila, lambar haraji ta NIF siffa ce mai kyau da za ka hana ta maimaituwa, amma maginin ƙauye ba shi da ita, saboda haka shi ma lambar rumbu ce madogara.

Tunda sunayen mutane da halin rayuwarsu kake tarawa, ka tuna amana ce. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP mai sa ido a kai. Duk siffar da babu tambayar da ke buƙatarta, kada ka tara ta.

Mataki na 7: tambayi kowane jigo, me ke sauyawa a cikinka?

Adar ƙasar ƴan cin rani ce. Mai gidan da aka rubuta a watan Janairu yana iya kasancewa a Abijan ko Libiya a watan Maris, matarsa ko ƙanensa ke riƙe da gida. In "mai gida" siffa ce da ake gogewa a sake rubutawa, takardun biyan Janairu za su nuna sunan wanda bai karɓi kuɗin ba. Inda tarihi ke da amfani, siffa tana komawa jigo: shugabancin gida, daga rana kaza zuwa rana kaza.

Haka halin rijiya. Kolon guda mai cewa "an gama" ba ya gaya maka yaushe aka fara haƙa, yaushe aka cim ma ruwa, yaushe aka yi karɓar wucin gadi, yaushe ta ƙarshe. Kowane mataki layi ne da ranarsa. Kasafi ma ana yi masa kwaskwarima a tsakiyar shekara, kwangila ana yi mata ƙari. Ka ajiye na farko da na biyu, kada sabo ya haɗiye tsoho. Kuɗin waje kuwa, yuro ba shi da matsala tunda a ɗaure yake da sefa, yuro ɗaya kusan faran 656, amma dalar Amurka tana hawa da sauka, dole kowace saukar kuɗi ta zo da farashin canjin ranarta.

Ba kowace siffa ce ta cancanci wannan ba. In an gyara rubutun sunan gari, babu mai neman tsohon kuskure. Jerin tambayoyinka ne zai nuna maka inda tarihi ke da mai nema.

Mataki na 8: gwada zanen a takarda

Yanzu ka zana: akwati ga kowane jigo, siffofinsa a ciki, layi ga kowace alaƙa. A misalinmu za ka tashi da sama da 20: mai ba da kuɗi, tallafi, saukar kuɗi, proje, sashe, aikin da aka tsara, ma'auni, aiwatarwa, fili, gari, komin, gunduma, gida, mutum, shugabancin gida, puwantaj, biya, ma'aikaci, ɗorawa, ɗan kwangila, kwangila, rijiya da matakanta. In ka ga ka haura 50 a ƙaramin proje, wataƙila ka shiga gonar kwantabul. In ƙungiya tana da manhajar lissafin kuɗi, kada ka sake gina ta. Lambar layin kasafi kaɗai ta isa ta haɗa rumbunan biyu.

Gwaji uku za ka yi. Ka ɗauko tambayoyin mataki na 1, ka bi kowace da yatsa a kan zanen. "Akwai gidan da ke karɓar kuɗi a proje biyu?" Daga gida zuwa puwantaj, zuwa aiwatarwa, zuwa aikin da aka tsara, zuwa sashe, zuwa proje. Hanya ta ɓulle. Inda yatsa ya tsaya babu layi, akwai jigo ko alaƙar da ta ɓace. Akwatin da yatsa bai taɓa bi ta kansa ba, ka tambayi kanka me ya kawo shi.

Sannan ka ɗauki takardun puwantaj da na biya na gaske, mafi rikicewa daga cikinsu, ka shigar da layuka 10 da fensir. Wanda matarsa ta zo madadinsa ya samu wuri? Filin da garuruwa biyu ke aiki a cikinsa fa? In ka ce kowane fili na gari ɗaya ne, wannan takardar za ta ƙaryata ka, kuma gara ta yi hakan yanzu, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na uku, ka koma wurin mutanen da ka yi hira da su. Kada ka shimfiɗa musu zanen akwatuna, ba aikinsu ba ne. Ka mayar da kowace alaƙa jimla ka karanta musu: "Kowace rijiya ɗan kwangila ɗaya ne ke gina ta." Ka saurari inda wani zai ce "haka ne, amma...". Injiniya zai tuna maka da rijiyar da mai kwangilar farko ya gudu ya bari, aka ba wani ya ƙarasa. Ke nan rijiya ɗaya tana iya shiga kwangila biyu, layin da ka zana ya sauya, kuma wata siffa ta ƙaru a kwangila: an kammala ta ne ko an soke ta.

Sai jimlolin duka sun wuce ba tare da "amma" ba za ka rubuta ƙamus na bayanai, shafi ɗaya ga kowane jigo: ma'anarsa da jimla guda, siffofinsa da ma'auninsu, wanda ke shigar da shi, da takardar da yake fitowa daga ciki. Shugaban proje da mai bin diddigi su sa hannu. Daga nan ne za ka mayar da akwatuna tebura, ka kuma gyara fom ɗin KoboToolbox ko ODK da animatoci ke cikawa a waya, yadda gari da gida za su zama abin zaɓa daga jerin da ke cikin rumbu, ba abin rubutawa da hannu ba.